Aiki da Motar Kwando: Abin da Ma'aikaci Zai Tabbatar Kafin Ƙafarsa Ta Bar Ƙasa

Duk mai bin manyan titunan Maradi ya saba ganin motar nan mai dogon hannu da kwando a ƙarshensa, wadda masu gyaran fitilun titi da masu kafa allunan talla da masu sassabe rassan dogon yaro suke hawa. Waɗanda suka yi boko suna ce mata nasel, sauran jama'a kuwa motar kwando suke kiranta. Tana da ƴar'uwa mai ƙafafu kamar almakashi, wadda take miƙewa sama tsaye ba ta karkata, an fi ganinta a manyan ɗakunan ajiya da wuraren gini. Dukkansu sun fi tsani aminci nesa ba kusa ba, sai dai wanda ya faɗo daga tsani yakan tashi da karaya, wanda na'ura ta kife da shi daga mita 15 kuwa ba kasafai ake kai shi asibiti da rai ba. Ƙungiyar IPAF ta masu harkar na'urorin ɗaga mutane, wadda aka kafa a Birtaniya a 1983 kuma take tattara rahotannin haɗurran waɗannan na'urori daga ƙasashe da dama, ta daɗe tana nuna cewa abubuwa huɗu ne suka fi hallaka ma'aikata: faɗowa daga kwando, da kamun wutar lantarki, da kifewar na'urar, da matsewar mutum tsakanin kwando da wani abu da ke samansa. Kusan dukkan huɗun, tun mutum yana ƙasa ake iya kauce musu.

Ka fara da ƙaramin allon ƙarfen da ke manne a jikin na'urar. Da yawa daga cikin injinan da ke isowa nan na hannu ne, littafinsu ya ɓace tun a hanya, saboda haka wannan allo shi ne abin da ya rage na maganar masu ƙera su. A kansa aka rubuta nauyin da kwandon zai iya ɗauka, da yawan mutane, da iyakar ƙarfin iska, da iyakar karkatar ƙasa. A ƙa'idar Turai ana lissafa kowane mutum a matsayin kilo 80, kuma kwanduna da yawa ba su wuce kilo 200 zuwa 230 ba. Ke nan mutum biyu da buhun siminti biyu sun kai kilo 260, sun riga sun zarce, tun ba a saka guduma ko ɗaya ba.

Kowace safiya ka zagaya na'urar da ido kafin ka tayar da ita. Ka dubi tayoyi, da tsagewa a wuraren walda, da kusoshin da suka yi sako-sako, da ƙofar kwando ko tana rufuwa da kyau, da ɗigar man haidirolik a ƙarƙashinta. Idan kana zargin wani tiyo yana yoyo, ka kara masa kwali ka gani, kada ka shafa da hannu, domin man da ke fita da matsi yana huda fata ya shige cikin nama. Daga nan ka gwada kowane motsi daga maɓallan ƙasa, babu kowa a kwando, ka danna jan maɓallin tsayawar gaggawa ka tabbatar komai ya tsaya cak. Idan ka tarar wani bakanike ya cire wayar ƙararrawar karkata ko ta nauyi don wai tana damun mutane da kuka, to wannan na'ura ba ta aiki ba ce sai an mayar.

Batun ƙasa ya cancanci a tsaya a kansa sosai, domin ƙasar Maradi yashi ce, kuma abin da ke ƙarƙashin yashin ba kullum yake bayyana ba. Na taɓa tsayawa a wata unguwa ina kallon wasu masu kafa allo a saman shago. Direban ya sauke ƙafar tallafi ta baya, wato ɗaya daga ƙafafun ƙarfen da ake tokare motar da su a ƙasa, a kan wani shafaffen wuri da yashi ya lulluɓe, ashe murfin ramin salga ne. Muddin hannun yana fuskantar gaba babu abin da ya faru, amma da aka juya shi ta wannan ɓangaren sai aka ji ƙas, siminti ya dare, ƙafar ta nutse kamar taƙi guda, kwandon da ke can sama kuwa ya yi wani lilo da ya sa matan da ke sayar da ƙosai a gefe suka saki salati. Ɗamarar tsaron da yaron da ke kwandon ya ɗaura ce ta riƙe shi a ciki. Dalilin abin a fili yake: idan hannu ya juya ta saman ƙafa ɗaya, mafi yawan nauyin motar gaba ɗaya a kan wannan ƙafar yake sauka, kuma nutsewar taƙi ɗaya a ƙasa takan zama motsin mita ko fiye a sama.

Saboda haka ka taka wurin da ƙafarka, ka tambayi masu gida inda salga da tsohuwar rijiya da magudanar ruwa suke, kada ka ɗora ƙafa ko taya a kan murfin kwata. Ka fitar da ƙafafun tallafi duka har iyakarsu, ka shimfiɗa faffaɗan faranti ko katako mai kauri a ƙarƙashin kowace, ka sa ƙafar a tsakiyarsa. Bulo ba ya wannan aikin, fashewa yake yi ba sallama. Idan akwai rami a kusa, ka ja baya aƙalla gwargwadon zurfinsa, a ƙasa mai yashi kuwa ka ninka. Da damina, musamman a unguwannin da suka gangara wajen gulbi, wurin da ya ɗauke ka jiya ba lallai ya ɗauke ka yau ba idan an kwana ana ruwa.

Bayan ƙasa sai wayoyin lantarki. Ƙa'idar da ake koyarwa a tsarin Faransa ita ce kada mutum ko kwando ko wani abin da ke hannunsa ya kusanci waya tsirara fiye da mita 3 idan ƙarfinta bai kai volt 50,000 ba, idan ya kai ko ya wuce kuma sai mita 5. Babban layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa yana ɗauke da volt 132,000, kuma wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, tsallakowa take yi ta cikin iska. Tayoyin roba ba su kare kowa, kuma yawancin kwanduna ƙarfe ne zalla. Kuskuren da na fi jin tsoro a garin nan shi ne a ce ai an ɗauke wuta, a yi sauri a hau. Ɗaukewar wuta daban, yanke layi daban, domin tana iya dawowa a kowane lokaci, kuma injin janareto ko na'urar hasken rana ta wani gida da ba a haɗa daidai ba na iya turo wuta cikin wayar. Idan aiki ya tilasta kusantar layi, a nemi ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na NIGELEC su yanke shi, su gwada, su tabbatar da kansu, sannan a hau.

Iska ma tana da iyaka a rubuce. Yawancin na'urorin da aka yi don aiki a fili suna tsayawa ne a mita 12.5 cikin daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, wasu masu almakashi kuwa na cikin ɗaki ne kawai, ba a fita da su ko kaɗan. Ƙaramin ma'aunin iska na hannu ba shi da tsada, kuma a cikin kwando ake auna ta, don iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. In babu shi, da zarar manyan rassa sun fara kaɗawa, wayoyi suna fito, a sauko. Allon talla ko fallen kwano da aka jingina a jikin kwando yana tare iska ya tura na'urar, har iskar da ba ta kai iyaka ba ta zama haɗari. A watannin Mayu da Yuni, idan gabas ta yi ja, kada ka ce bari in ƙarasa ɗaure kusa ɗaya, domin guguwar farkon damina ta fi saukar kwando sauri. A zafin bazara kuma, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ka hau da ruwan sha, ka sauko da zarar ka ji jiri.

A kwando mai dogon hannu wajibi ne a sa ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi, da gajeriyar igiya wadda ba za ta bari mutum ya fita daga kwandon ba, a maƙala ƙugiyarta a zoben da aka tanada a ciki. Kada a ɗaura ta a turken wuta ko ƙarfen gini, domin idan na'urar ta motsa za ta fizge mutum waje. Igiyar da ake ɗaurawa a ƙugu kawai ba ɗamara ba ce. Hular kwano ta kasance mai maɗaurin haɓa. Ƙafafu biyu su zauna a daɓen kwando, ba a taka shinge, ba a sa kujera ko bokiti ko tsani a ciki don ƙara tsawo, in hannu bai kai ba sai a gyara tsayuwar motar. Kafin kowane motsi ka dubi samanka da bayanka, ka tafi a hankali idan kana kusa da rufi ko ƙarfen da ya gitta.

Dole ne a bar mutum ɗaya a ƙasa wanda ya san maɓallan ƙasa, kuma ya taɓa sauko da kwando da hannunsa ta hanyar saukarwar gaggawa alhali injin yana kashe. Shi ne zai kewaye wurin da duro da igiya ko alamun hanya, ya kori yara, ya karkatar da kabu-kabu da amalanke, ya kuma lura kada gwiwar hannun ta leƙa kan titi inda babbar mota za ta iya bugunta. Ba a aikensa sayen shayi. Idan lokacin salla ya yi, a sauko da kwando a tafi tare.

Idan tsautsayi ya sa na'urar ta taɓa waya, wanda ke sama ya tsaya a inda yake kada ya taɓa komai, na ƙasa kuma su yi nisa, kada kowa ya dafa motar, a kira NIGELEC da ƴan kwana-kwana a lamba 18. Direban da gobara ta tilasta wa fita ya yi tsalle ya dira da ƙafafu a haɗe, ba tare da ya taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba, ya nisanta yana jan ƙafa kaɗan-kaɗan. Wanda ya rataye a ɗamara a sauko da shi cikin mintoci, don jini yana taruwa a ƙafafunsa. Shi da wanda wuta ta ja, a kai su asibiti ko da sun rantse lafiyarsu lau, maigidan aiki kuma ya sanar da CNSS, asusun ƙasa mai kula da inshorar ma'aikata.

Da an tashi aiki, a naɗe hannun, a ajiye motar a wuri mai daidaito, a zare makulli, domin yaran unguwa ba su ganin kwando su ƙyale. Duk wata matsala da aka lura da ita a rubuta ta a littafi a gaya wa mai na'urar tun ranar. A Faransa da Birtaniya doka ta wajabta ƙwararre ya binciki na'urar ɗaga mutane duk wata 6, kuma mai hayar mota a Maradi yana da damar tambayar ranar binciken ƙarshe kafin ya biya kuɗin yini.