"Ina za ka?": kalmomi shida da sabon zuwa Faransa zai yi maganar gobe da su

Makon farko da mutum ya sauka a Faransa, kusan duk maganar da za a yi masa ta abin da bai faru ba ce tukuna. Mai gida zai kawo mabuɗi, banki za su aiko da kati, ofishin makaranta za su kira. Kai ma abin da ke bakinka ke nan: zan biya, zan dawo, zan kawo takardar gobe. Shi ya sa idan ƙannenmu suka iso suka tambaye ni ta ina za su kama nahawu, ba na tura su ga jadawalin nan masu cika shafi. Nakan ce su haddace kalmomi shida, sauran su biyo baya.

Kalmomin duk na aikatau guda ne, aller, wato tafiya: je vais, tu vas, il va ko elle va, nous allons, vous allez, ils vont ko elles vont. Idan waɗannan suka zauna, sai ka ɗauko kowane aikatau yadda yake a ƙamus, ba tare da ka taɓa wutsiyarsa ba, ka jingina shi a baya. Je vais payer, zan biya. Nous allons revenir, za mu dawo. Elle va appeler, za ta kira. Malaman Faransanci suna kiran wannan futur proche, lokaci mai zuwa na kusa. Daɗinsa shi ne aikatau masu taurin kai irin su être, avoir, faire da venir, waɗanda suke sauya kama a sauran lokuta, a nan ba su da ta cewa: je vais être, je vais avoir, je vais faire, je vais venir.

Abin da babu malamin da ya gaya mini, sai da na gano da kaina ina zaune a aji, shi ne Bahaushe da wannan tsarin aka haife shi. Ka tuna yadda ake tambaya a gida: "Ina za ka?" Ka ce, "Za ni kasuwa." Duba jimlar da kyau, babu wani aikatau a cikinta, "za" ɗin ita ce tafiyar. Ita ce kuma dai muke ɗorawa a gaban aikatau mu ce za ka saya, za mu dawo. Da tafiya muke faɗin gobe, haka su ma. Je vais au marché, za ni kasuwa. Je vais acheter du riz, zan sayi shinkafa. Har ma sukan haɗa biyun su ce je vais aller, daidai da namu "zan je". Tun ranar da na ga haka na daina bi ta Turanci kafin in yi magana, nake tsallakawa kai tsaye daga Hausa.

Kuskure biyu ne ke kama mu a nan. Na farko, cusa à a tsakani: à na wuri ne, je vais à Lyon, amma ba a cewa je vais à manger, sai je vais manger. Na biyu, lanƙwasa aikatau na biyun: nous allons partir ne, ba nous allons partons ba.

Inda aikin yake shi ne furuci. Hausa ba ta da harafin v, bakinmu kuwa yakan mai da shi b ko f, kuma huɗu daga cikin kalmomin shida da shi suka fara. Idan vont ya zama bon, ka ce "mai kyau". Idan ya zama font, ka ce "suna yi". Je vais kuwa ya koma je fais, daga "zan" ka faɗa "ina yi". Ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ka bar maƙogwaro ya yi gurnani, ka yi ta yi a gaban madubi ko da abokin ɗakinka zai yi maka dariya. Sannan s ɗin da ke ƙarshen nous da vous yana farkawa ya zama z idan ya haɗu da wasali: "nu-zalon", "vu-zale". 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, wato boko da Faransanci, sun huta da wannan, mu 'yan Najeriya ne ke shan fama.

Korewa tana kewaye aller ne kaɗai, kamar yadda "ba … ba" tamu take kewaye magana: je ne vais pas venir, ba zan zo ba. Sai dai a bakin mutanen gari "ne" ɗin Faransancin yakan ɓace, ka ji "j'vais pas venir" a dunƙule kamar kalma ɗaya. Ka rubuta da "ne", ka saurara ba tare da shi ba. Haka kuma nous allons ya fi zama a takarda da bakin 'yan siyasa. A titi on va za ka ji: on va manger, za mu ci abinci. Wannan on ɗin tamkar "za a" ɗinmu ne, wani lokaci yana nufin mu, wani lokaci yana nufin wasu da ba a ambata ba. Idan ma'aikaciya ta ce on va vous appeler, "za a kira ku" ta ce, kuma ka san yadda "za a kira ku" take a ko'ina cikin duniya, musamman bayan ganawar neman aiki.

Wakilin suna na wanda aikin ya faɗa wa, irin su le da me, yana shiga ne tsakanin aller da aikatau na biyu, ba a gaban aller ba: je vais le faire, zan yi shi, je vais vous envoyer le document, zan aiko muku da takardar, je vais me lever tôt, zan tashi da wuri. Ka lura na ce vous. Duk wanda ba abokinka ba, ko yaro ƙarami, vous allez za ka ce masa, kamar yadda ba ka cewa dattijo "kai" sai "ku". Tu vas ga ɗan sanda ko likita rashin kunya ce, ko da ba ka nufa ba.

Kada sunan "na kusa" ya ruɗe ka. Ana cewa je vais finir mes études dans trois ans, zan gama karatu nan da shekara uku, babu wanda zai gyara maka. Kusancin ba na agogo ba ne, na niyya ne ko na alamar da ake gani yanzu. Hadari ya haɗu, il va pleuvoir, za a yi ruwa. Yaro na wasa a bakin matakala, tu vas tomber, za ka faɗi. A tashar jirgin ƙasa lasifika za ta ce jirgi va entrer en gare, yana gab da shigowa, ko va partir, zai tashi, kuma idan ka ji ta biyun kana kan dandamali, ka makara.

Akwai ɗaya lokacin, futur simple, mai wutsiya: je viendrai, vous recevrez, on verra. Ba sai ka iya furta shi a watannin farko ba, amma dole kunnenka da idonka su san shi, domin da shi ofisoshi suke rubutu. A taga a préfecture, ofishin gwamnati mai ba da katin zama, za a ce maka vous allez recevoir un SMS, za ku samu saƙon waya, idan katin zamanka ya fito, a wasiƙa kuwa vous recevrez za ka gani. Takardun CAF na tallafin haya da na inshorar lafiya duk haka suke. Nan ma Hausa ta riga ta ba ka ma'auni, don muna da lokaci mai zuwa na biyu. "Zan zo" daban, "na zo" mai jan murya daban. On va voir "za mu duba" ne, on verra kuwa "ma gani".

Na koyi wannan da sanyin Janairu. Na'urar ɗumama ɗakina ta mutu, na kira mai gidan, ya ce je passerai voir ça. Na ji kalmar zuwa a ciki, na zauna a ɗaki cikin bargo kwana biyu ina jiran ƙwanƙwasa ƙofa. Wani maƙwabcina ɗan Damagaram ya ce, "Malam, ai 'na leƙo' ya ce maka, bai ce yaushe ba." Shi ya koya mini in sake kira in ce vous allez passer quand ?, wato yaushe za ku leƙo? Ba doka ba ce cewa mai wutsiya ƙarya ne, don idan aka haɗa shi da rana da sa'a, je passerai lundi à 10 heures, alkawari ne sosai. Amma in babu rana, ka nemi rana.

Kai ma ka ba da rana. Mun saba mu ce "zan kawo in sha Allahu" mu tsaya nan, kuma a unguwanni irin su Barbès da Château Rouge a Paris kowa zai gane ka. A gaban ma'aikacin ofis kuwa je vais l'apporter jeudi, zan kawo shi ranar Alhamis, yake son ji. Ka faɗi ranar a fili, in sha Allahunka na tare da kai. Akwai kuma abin da ba ya jiran "ma gani": mai bizar dogon zama da ake kira VLS-TS wajibi ne ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata uku da isowa. Batun harshen ma ya wuce ado, domin dokar shige da fice ta 26 ga Janairun 2024 ta ɗaga matakin Faransancin da ake nema, A2 ga mai neman katin zama na shekaru da yawa, B1 ga katin shekara goma, B2 ga takardar zama ɗan ƙasa, daga farkon 2026. Wanda bai taso ba tukuna, ya leƙa cibiyar koyar da Faransanci, Alliance Française, ta Kano ko ta Kaduna kafin ya hau jirgi.

A gidan burodi je vais prendre une baguette ya ishe ka, ba sai ka nemo wata jimla ba. Idan ka makara, je vais être en retard, ka kuma aika da ita kafin lokacin ya yi. Idan aka ga ranka a ɓace aka ce ça va aller, lallashi ne, kamar a ce "komai zai wuce". Idan kuma aka gayyace ka cin abinci dare ya yi, ba sai ka yi ta mutsu-mutsu a kujera kana neman hanyar sallama ba. Ka dafa gwiwa ka ce bon, je vais y aller, wato "to, ni zan wuce". Za su raka ka zuwa bakin ƙofa su tsaya nan. Kada ka tsaya jiran a taka maka zuwa titi.