Kafin ka ce "babu rezo", duba tsohuwar na'urar Wi-Fi ɗinka

A gidaje da yawa a nan Garwa, da intanet ya fara tsayawa sai a ɗora wa kamfanin waya laifi. Wani lokaci da gaskiyar mutane. A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar yammacin Afirka, har Kamaru abin ya taɓa, kuma babu abin da mai gida zai iya yi. Amma sau da yawa ciwon yana cikin falo, a jikin modem ɗin da aka saya shekara biyar ko shida da suka wuce, kullum tana kunne dare da rana.

Gane mai laifin ba shi da wuya. Cire layin daga modem, ka sa a wayarka, ka tsaya a daidai wurin da take. In waya ta yi gudu, to na'urar ce ta gaji.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na zafi, domin da kyakkyawar niyya ake yinsa. A gidan yayata na tarar da tata a kan dikoda, an lulluɓe ta da ɗan ƙyalle mai ado saboda ƙurar hunturu. Da na ɗaga ƙyallen na taɓa ta, kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu. Na ce, "Yaya, ai kin toshe mata hanci." Ƙananan ramukan nan da ke jikinta ta nan take fitar da zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga ɗumin dikoda daga ƙasa. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a cikinta, kapasita, masu ruwa-ruwa a ciki, kuma zafi ne ke busar da su a hankali. Shi ya sa za ka ga da asuba lafiya lau, da azahar kuma sai katsewa. Sauke ta daga kan duk abin da ke ɗumi, ka cire ƙyallen, ka riƙa share ramukan da busasshen burushi. Kada a kusanto da ruwa.

Sai caja. Mutane da yawa sun jefar da lafiyayyar modem alhali cajar ce ta mutu. Alamarta, fitilu su ɗauke su dawo da kansu, musamman in mutane sun taru a kai. Wasu kuma in ta asali ta lalace sai su ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. Juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Yawancinsu volt 12 ne. Dole volt ya zo daidai, ampiya kuwa ya kai abin da aka rubuta ko ya fi. In tana son 2A ka ba ta 1A, za ta kunnu, amma da aiki ya yi nauyi sai ta faɗi.

Ɗaukewar wuta ma na da nata rabon, kuma dawowarta ta fi yin ɓarna. In an ɗauke, zare cajar daga bango, sai wuta ta dawo ta zauna na 'yan mintuna sannan ka mayar. Haka in hadari ya taso da tsawa a damina.

Ɓoye modem ɗin a ƙuryar ɗaki ko bayan talabijin ma kuskure ne. Katangar siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina. Ɗora ta a sama, kusa da taga, inda rana ba ta dukanta.

Akwai wani ɗan rami a bayanta da ake tsokana da allura. Don Allah a daina garajen taɓa shi. Wannan yana goge komai ne, har sunan Wi-Fi da lambar sirri, wani lokaci har saitin layi. In ta daskare, kashe ta, ka ƙirga talatin, ka kunna. Lambar sirrin kuwa, in tun ranar saye ba a canza ba, ka tabbata ta zaga unguwa. Adireshin shiga saitin, wanda ake rubutawa a burauzar waya, yana kan takardar nan ta ƙasanta, kamar 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Shiga ka ga wayoyi nawa ke kai, ka canza lambar, ka zaɓi tsarin tsaro na WPA2.

Wani lokaci kuma tsufa ne kawai. Fasahar Wi-Fi 4 tun 2009 take, kuma yawancin masu arha na wancan zamani a zangon 2.4 GHz kaɗai suke aiki, inda na maƙwabta ma suke cunkushe. In taka 3G kawai take kamawa, ko mai ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, kada ka ƙara kashe sefa wajen mai gyara. Nemi mai 4G da zango biyu, 2.4 da 5 GHz, kuma ka sa mai shago ya gwada ta da layinka kafin ka biya.