Zaɓen jitar lantarki da amfilifaya ga mai kiɗa da yatsu

Mai kiɗa da yatsu aikin mutum biyu yake yi da hannu ɗaya. Babban yatsa yana kan tsirkiyoyi uku masu kauri, yana sauka a kansu bi da bi kamar masu luguden daka, manuni da na tsakiya kuma suna fitar da karin waƙa a kan sirara ukun. Wanda ya taɓa zama kusa da mai molo ko gurmi ya san wannan rabon aiki. A Amurka, Merle Travis ɗan jihar Kentucky ne ya yaɗa salon, Chet Atkins ya ƙara masa ado, a nan yankinmu kuma Ali Farka Toure na Mali da yatsu ya yi suna. Abin da kunne ke nema a wurinsu duka ɗaya ne: a ji ƙasa daban, a ji sama daban, kada su cakuɗe. Da wannan mudu za ka auna duk abin da mai shago ya miƙo maka.

Fara da fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyi, shi ke ɗauko sautinsu. Mai naɗi ɗaya, irin na jitocin Telecaster da Stratocaster na kamfanin Fender, muryarsa a washe take, kowace tsirkiya tana fita da kanta. Aibinsa shi ne yana kwaso gurnanin wuta, kuma a ɗakin da ba a haɗa wayar ƙasa ba, ko ana kan janareta, gurnanin yana iya kai ƙarfin kiɗan. A yawancin jitocin Stratocaster na yanzu, in ka sa makunnin zaɓi a matsayi na 2 ko na 4, fikof biyu suna haɗuwa su kashe gurnanin, kuma muryar nan ta tsakani tana yi wa yatsu kyau ƙwarai. Mai naɗi biyu ba ya gurnani, sai dai ya fi duhu. Akwai masu laushi irin Filter'Tron na kamfanin Gretsch, wanda Ray Butts ya ƙera ya fito a 1957, shi ne ke bayan muryar jitar Chet Atkins ta shekarun da suka biyo. Waɗanda za ka guje wa su ne masu ƙarfin tsiya da aka yi domin kiɗan hayaniya: suna murƙushe bambancin taɓawa a hankali da taɓawa da ƙarfi, alhali wannan bambancin shi ne jarin mai yatsu.

Jita mai rami a ciki, irin Gretsch 6120, tana da daɗin murya a ɗaki ko situdiyo. A wurin biki kuwa, inda aka jera manyan lasifikoki a filin makaranta a Gusau ko Argungu, gangar jikinta tana amsa ƙarar ta fara kuka, ka rasa yadda za ka tsayar. Mai katako a tsakiya, irin Gibson ES-335 da kwatankwacinta na Epiphone, ta fi haƙuri. Mai jiki toshe ta fi su duka jure ɗauka a kan babur da zafin watan Afrilu. Ga mai matsakaicin aljihu, Squier Telecaster ko Yamaha Pacifica ta gaskiya ta fi jabu mai tambarin Fender a ka, kuma jabun suna da yawa cikin kayan da ake kawowa daga Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano. Kauce wa jita mai makullai a wuya da jaki mai lilo (jaki shi ne abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jita). Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar sun tashi daga saiti.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne tazarar tsirkiyoyi. Je shago da ƙaramar rula. A wurin jaki, daga tsirkiya ta farko zuwa ta shida, nemi milimita 52 zuwa 55. In ta gaza haka, mai kaurin yatsu zai riƙa taɓo maƙwabciya. A saman wuya faɗin milimita 42 ko 43 ya isa. Sannan ka kaɗa jitar tun ba a jona ta ba, ka danna kowane gurbi, wato tsakanin ƙarafan da aka jera a wuya, daga sama har ƙasa kana sauraron zizar ƙarfe. Shafa gefen wuya da tafin hannu: in bakin ƙarafan yana kartar ka, katakon ya bushe ya tsuke. Juya maɓallan ƙara, in suna ƙarar yashi ƙura ce, feshin wanke lantarki yana magance ta. Wuyan da ya murɗe kamar igiya kuwa ba shi da magani mai araha, ajiye musu abinsu.

Tsirkiya mai lamba 9 da ake saka wa sababbin jitoci ta yi laushi. Yatsa yana ɗago tsirkiya sama ne ya sake ta, sai ta faɗo ta mari ƙarafan wuya. Sa lamba 10 zuwa 46, wato kaurinsu daga siririya zuwa mafi kauri, ko 11 zuwa 49 in hannunka ya saba. Mai sulɓin naɗi tana rage ƙiiƙii ɗin yatsa a kan tsirkiya, amma tana dusashe haske. Mai son babban yatsa ya yi "dum" a taushe zai so ta, mai son salon Sahara ya tsaya kan mai kaushin naɗi. A gurbi na 12, bar tazarar milimita 2 tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe, wajen 1.6 a ƙarƙashin siririya. Fikof kuma kada ya matso da yawa: danne tsirkiya a gurbin ƙarshe, bar kamar milimita 2.4 a gefen kauri, 2 a gefen siriri. In ya fi haka kusa, maganaɗisun yana jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa kamar ba a saita ba.

Wannan awo ba ya zama wuri ɗaya a Kebbi da Zamfara. Da hunturu katako yana bushewa, da damina ya sha laima, wuya ya ɗan motsa, jitar da ke lafiya lau a watan Agusta ta fara ziza a Janairu. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuya da ake ɗaurewa ko sassautawa da ƙaramin makulli mai kusurwa shida. Rubu'in juyi kawai za ka yi, ka sake saita tsirkiyoyi, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In sandar ta ƙi juyawa kada ka yi mata ƙarfi, karyewarta ta fi kuɗin gyara.

Sai amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jita sauti, inda kuɗi ya fi salwanta. Muryar da ake kira ta asali daga masu kwalba ta fito, wato masu ƙara sauti da ƙananan kwalaben gilashi a ciki: Fender Princeton Reverb mai lasifika inci 10, Deluxe Reverb mai wat 22 da lasifika inci 12, Twin Reverb mai wat 85 da lasifika biyu. Daɗinsu ba a musu. Amma kwalba tana son tsayayyar wuta, tana fitar da zafi a kan zafin da muke ciki, kuma in guda ta mutu sai an aika nesa kafin a samo. Ba a kuma kunna ta ba tare da an jona lasifika ba, taransifomarta ce za ta ƙone. Mai taransisto mai tsabtar murya, irin Roland JC-40 ko Boss Katana 50 ko Fender Champion 40, ya fi dacewa da mai yawon wasa. Abin dubawa shi ne ya yi ƙara ba tare da muryar ta dishe ba. Ɗaga shi zuwa ƙarfin da za ka yi wasa da shi, bugi tsirkiya ta shida, mafi kauri, da ƙarfi tare da ta farko, siririya. In ta ƙasan ta yi burtu ta haɗiye ta saman, ya yi maka kaɗan. Wat 15 da lasifika inci 8 na koyo a ɗaki ne. Wanda zai zauna kusa da mai ganga ya nemi wat 40 zuwa 50 da inci 12.

Kafin ka jona na hannu da aka kawo daga waje, karanta rubutun da ke bayansa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. In 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani nan take. Sa sitabilaiza tsakaninsa da soket. In janareta ne, bari ya tashi ya daidaita kafin ka kunna, ka kuma kashe amfilifaya kafin a kashe shi. In kana jin wuta tana ɗan cizon ka a tsirkiya, ko a leɓe idan ka matso makirfo, tsaya nan take a nemo mai gyaran wuta, matsalar wayar ƙasa ce, kuma tana kisa.

Saitin maɓallan amfilifaya ba shi da wahala. Gain a ƙasa, 2 ko 3. Bass wajen 4, domin babban yatsa ya riga ya kawo nauyi. Middle 5, Treble 6, a rage in akaifa tana sa sautin ya yi tsini. Reverb, mai sa sauti ya yi amo kamar a babban ɗaki, 2 ko 3 ya isa, fiye da haka sautuka suna narkewa cikin juna. In akwai Delay, sa maimaici ɗaya tak mai tazarar miliseken 80 zuwa 120, shi ne ɗan amsa-amon nan na tsofaffin faya-fayai. Wayar jita kada ta wuce mita 6, doguwa tana shanye haske. Ɗora gefen tafin hannun dama a kan tsirkiyoyi masu kauri daidai bakin jaki, a hankali, yadda za su yi gajeren "dum" su bar wa sirara fili. In naman yatsa bai ba ka kaifin da kake so ba, sayi zoben roba na babban yatsa, ka goge harshensa da takardar yashi ya rage tsawo, don kada ƙasa ta rinjayi sama.