Yadda na gyara tsohon injin naɗe zaren fatsa da ya ƙi juyawa

Injin Mitchell 300 ne, ƙirar Faransa, wanda na saya a hannun wani masunci a Yawuri, kuma mariƙinsa ba ya juyawa sai da ƙyar, yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na fara ɗiga masa man keken ɗinki ta waje, na kuma duba ko sandar tsakiya ta lanƙwashe, amma lafiyarta lau.

Da na kwance sukurori ukun da ke riƙe da murfin gefe, sai na tarar tsohon giris ya daskare kamar danƙo, ya haɗu da yashin kogi a tsakanin haƙoran giya. Na ɗauki hoton jerinsu da waya kafin na cire komai, domin akwai siraran washa na tagulla waɗanda dole kowace ta koma mazauninta, in ba haka ba haƙoran ba za su haɗu daidai ba. Na jiƙa giyoyin a kananzir dare guda, na goge su da tsohon buroshin haƙori, suka bushe a inuwa, sannan na shafa sabon giris kaɗan, domin yawansa nauyi yake ƙara wa mariƙin.

Alhamdu lillahi, yanzu da yatsa ɗaya nake juya shi.