Yadda za ka gane lissafin ninkin-ba-ninki, ka zana girafinsa da hannunka

A bayan makarantar da nake koyarwa akwai wani kududdufi da kainuwa ke mamayewa duk damina. Da shi nake buɗe wannan darasi ga 'yan aji biyu na babbar sakandare. Nakan ce musu: mu ƙaddara kainuwar nan kullum tana ninka faɗin wurin da ta ci, kuma a rana ta 30 ta rufe ruwan ruf. A wace rana ta kai rabi? Hannuwa su tashi, kusan kowa ya ce rana ta 15. Amsar kuwa rana ta 29 ce, domin abin da ya cika yau bayan ninki ɗaya, jiya rabi yake. In ka ƙara komawa baya zuwa rana ta 25, kashi ɗaya cikin 32 na ruwan kawai ta ci, mai wucewa ma ba zai ce akwai matsala ba.

Ba rashin basira ke sa yara su ce 15 ba. Da tari muka saba. Wanda yake jefa naira 500 a asusu kullum, in kwanaki sun raba biyu kuɗinsa ma sun raba biyu, kuma in ka zana abin za ka sami miƙaƙƙen layi. Kainuwar misalinmu kuwa ba tarawa take yi ba, ninkawa take. Wannan shi ne abin da littafan lissafi ke kira eksponenshal, ni kuma a aji nake ce masa ninkin-ba-ninki. In ka riƙe wannan bambanci tsakanin tari da ninki, sauran darasin a tafin hannunka yake.

Siffarsa a rubuce ita ce y = a·bˣ. Harafin a shi ne abin da aka fara da shi, b shi ne abin da ake ninkawa da shi a kowane taku, x kuma yawan takun. Don yara su daina rikita lambar ƙasa da ta sama, nakan kira ta ƙasa doki, ƙaramar da ke zaune a kanta kuma mahayi. A cikin 2³, doki 2 ne, mahayi 3, ma'anarsa 2 × 2 × 2, wato 8. Ba 6 ba. Na sha cin karo da wannan shidan a takardun jarrabawa, kuma duk wanda ya rubuta shi ya ninka doki da mahayi ne, alhali aikin mahayi kawai ya faɗi sau nawa doki zai fito.

Ka kuma kula da inda x ya zauna. A x² dokin ne ke canzawa, mahayi na nan daram. A 2ˣ dokin na nan, mahayin ke canzawa. Da farko kamar tare suke tafiya: a x = 2 duka biyun 4 ne, a x = 3 ma x² ne kan gaba da 9 a kan 8, a x = 4 su sake haɗuwa a 16. Daga nan kuma sai rabuwa. A x = 10 ɗaya na 100, ɗayan na 1,024. A x = 20 ɗaya na 400, ɗayan ya kai 1,048,576.

Kada ka fara da haddace ƙa'idoji. Ɗauko takarda ka yi tebur na y = 2ˣ, amma ka soma cika shi daga dama ka taho hagu. A x = 3 kana da 8. Taku ɗaya baya, 4. Wani takun, 2. Ka ga duk komawa baya rabawa biyu ce. To me zai biyo bayan 2 idan x ya zama 0? Rabin 2, wato 1. Ga dalilin da ya sa 2⁰ = 1, ba wata doka ce da aka ɗora mana haka kawai ba. Ci gaba da rabawa: a x = −1 ka sami 1/2, a −2 ka sami 1/4, a −3 ka sami 1/8. A nan nakan tambayi waɗanda suka yi karatun rabon gado a Islamiyya sunayen waɗannan, nan take su ce rabi, rubu'i, sumuni. Sun daɗe da sanin 2⁻¹ da 2⁻² da 2⁻³, rubutun ne kawai baƙo a gare su. Kuma daga ranar ba sa ƙara cewa 2⁻¹ daidai yake da −2, don sun gani da idonsu cewa alamar ragi a jikin mahayi juya lambar take yi ta zama kaso, ba ta kai ta ƙasa da sifiri.

Teburinka yanzu ya zama haka:

x: −3, −2, −1, 0, 1, 2, 3
y: 1/8, 1/4, 1/2, 1, 2, 4, 8

Sai zane. A takardar giraf, ja layin kwance na x da layin tsaye na y. Ka bar layin kwancen can ƙasa-ƙasa, don ba abin da zai sauka ƙarƙashinsa, sama ce ke buƙatar fili. Santimita 2 ga kowace lamba 1 a duka layukan ya wadatar in tambayar ba ta ba ka wani ma'auni ba. Ɗiga wuraren nan bakwai da fensir mai tsini. Wajen haɗa su kada ka sa rula. Samo tsinken tsintsiya ɗanye mai lanƙwasuwa, ka kwantar da shi ya bi ta kan ɗigon duka, abokinka ya danne maka ƙarshensa, ka bi gefensa da fensir a ja ɗaya. Abin da zai fito lanƙwasa ce mai santsi, kwance a hagu, tana miƙewa tsaye a dama.

Yanzu zauna ka ƙura wa zanen ido, domin duk halayen da ake tambaya a WAEC da NECO suna jikinsa. Ya ratsa layin tsaye a y = 1. Kowane bˣ nan yake ratsawa, ko dokin 3 ne ko 10, tunda kowane doki da mahayinsa sifiri ne 1 yake bayarwa. Daga hagu zuwa dama hawa yake yi, ba ya taɓa juyowa ƙasa. Kowace lamba ka ga dama za ka iya ba x, amma y ba ya fita daga lambobin da suka fi sifiri.

Wurin da nake so ka daɗe a kai shi ne wutsiyar hagu. Tana matsowa kusa da layin kwance, tana ƙara matsowa, amma ba ta taɓa shi. Raba gurasa biyu, ka raba rabin biyu, ka sake raba abin da ya rage. A lissafi ba ranar da za ka wayi gari da babu, kullum akwai saura komai ƙanƙantarsa. A x = −10, y ya zama 1/1,024, fensirinka ba zai iya nuna tazarar ba, amma tana nan. Irin wannan layi da ake kusanta ba a isa gare shi, asimtot ake ce masa. Yara da yawa sukan sauke wutsiyar ta zauna a kan layin, wasu har su tsallakar da ita ƙasa, su yi asarar maki a kan abin da suka riga suka fahimta. Ka bar ɗan haske tsakaninsu ko da siririn gashi ne.

A kan takardar dai, sake yin tebur na y = (1/2)ˣ. Lambobin ɗazu ne za su dawo a juye: 8, 4, 2, 1, 1/2, 1/4, 1/8. Zanensa kamar ka kafa madubi a kan layin tsaye ne. Ƙa'idar ke nan: in doki ya fi 1 ana hawa, in yana tsakanin 0 da 1 ana gangara. Gangarar tana da amfani sosai. Sinadarin kabon-14 da ke cikin ƙashi ko gawayi yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 5,730. Bayan shekara 11,460 saura rubu'i, bayan 17,190 saura sumuni, kuma da wannan masu tonon kayan tarihi suke ƙiyasta shekarun abin da suka tono. Ba a ba doki 1, don 1ˣ kullum 1 ne, shimfiɗaɗɗen layi kawai. Ba a kuma ba shi lambar da ke ƙasa da sifiri, don (−4) mai mahayi 1/2 yana neman lambar da za a ninka da kanta ta ba da −4, kuma babu ita a layin lambobi.

Sauran siffofin duk wannan zanen ne aka ɗaga ko aka ja. A y = 3·2ˣ an fara da 3, saboda haka a 3 zai ratsa layin tsaye. Kada ka haɗe 3 da 2 ka ce 6ˣ: mahayin a kan 2 kaɗai yake zaune. Gwada x = 2 ka gani, 3 × 4 = 12 ne, 6² kuwa 36. A y = 2ˣ + 3 kuma an ɗaga zanen gaba ɗaya sama da taku uku, asimtot ɗin ya tashi daga y = 0 ya koma y = 3, wurin ratsawa ya koma 4. Kofin shayi ne misalin da ya fi zama a kan ɗalibaina. In mai shayi ya zuba maka ka ajiye, da farko yana hucewa da sauri, daga baya a hankali, kuma komai daɗewarsa ba zai fi iskar wurin sanyi ba. Zafin iskar shi ne asimtot ɗinsa.

A tambayoyin zance ba a cika ba ka doki kai tsaye ba, kashi cikin ɗari ake faɗa. Ƙarin kashi 20 yana nufin b = 1.2, ragin kashi 20 yana nufin b = 0.8, ƙarin kashi 3 kuma 1.03. Mu ƙaddara mudun hatsi naira 1,000 ne, farashinsa na tashi da kashi 20 duk shekara. Yaushe zai ninka? Mai tunanin tari zai ce shekara 5. Bi shi da ninki: 1,200, sai 1,440, sai 1,728, sai 2,074. Kafin shekara ta huɗu ta cika ya riga ya ninka, saboda ƙarin bana a kan farashin bara yake hawa, ba a kan na farko ba.

Ga misali na gaske. Ƙidayar Nijeriya ta 1991 ta ba da kusan mutum miliyan 89, ta 2006 kuma ta ba da miliyan 140 da ɗoriya. Raba 140.4 da 89 ka sami kimanin 1.58, cikin shekara 15. Wato b¹⁵ = 1.58. Da kalkuleta za ka ga b ya kusa 1.031, ƙarin kashi 3.1 ke nan a shekara tsakanin ƙidayar biyu. Akwai dabarar da nake so ƙwarai: raba 70 da kashin ƙaruwa, ka sami kusan lokacin ninkawa. 70 raba 3.1 ya ba da wajen shekara 23. Dabarar ta fi daidai in kashin ƙarami ne. Sai dai ina gargaɗin yara kada su ja layin har abada. Kainuwa in ta kai bakin kududdufi ta tsaya, haka ma yawan jama'a da farashi sukan sauya tafiya. Lissafin yana gaya maka abin da zai faru ne muddin dokin bai canza ba.

Haka nan in an ba ka tebur aka ce ka gano irinsa, kada ka tsaya kan debewa kaɗai. A 5, 8, 11, 14 tazarar 3 ce kullum, miƙaƙƙen layi ne. A 5, 15, 45, 135 tazarar na canzawa, amma raba kowace lamba da wadda ta gabace ta ka ga 3 ke fitowa. Wannan y = 5·3ˣ ne in ka fara ƙirga x daga sifiri.

Wajen neman x, dabarar ita ce ka ɗora ɓangarorin biyu a kan doki ɗaya, sannan ka daidaita mahaya. In an ce 9ˣ = 27, ka san 9 shi ne 3², 27 kuma 3³, sai 2x = 3, x = 1.5. In an ce 4ˣ⁺¹ = 8ˣ, mai da su kan 2: 2x + 2 = 3x, x = 2. Mayar da amsar ka duba, 4³ = 64, 8² = 64. Wani lokaci dokin ba ya haɗuwa, kamar 2ˣ = 10. Tunda 10 na tsakanin 8 da 16, x na tsakanin 3 da 4. Tsawaita girafinka zuwa x = 4, ja layi daga y = 10 ya taɓa lanƙwasar, ka sauko, za ka faɗo wajen 3.3. Logarizim aikinsa ke nan, nemo mahayi: log 10 raba log 2, wato 1 raba 0.3010, ya ba da 3.32.

Za ka ga maɓallin eˣ a kalkuletarka. Wannan e lamba ce, kimanin 2.718, wadda Jacob Bernoulli na ƙasar Siwizalan ya ci karo da ita a 1683 yana nazarin kuɗin ruwa mai hauhawa. Tunda tana tsakanin 2 da 3, zanenta yana tsakanin na 2ˣ da na 3ˣ, kuma duk abin da muka faɗa ya hau kanta.

Aikin da nake bai wa ɗalibaina su tafi da shi gida shi ne wannan, kai ma ka gwada. Yago falle ɗaya daga littafinka ka yi ta ninke shi biyu, kana rubuta yawan rufin bayan kowane ninki. Wajen ninki na shida ko na bakwai takardar za ta ƙi, lokacin kana da rufi 64 ko 128. Daga nan ka ci gaba da biro: in kaurin falle ɗaya milimita 0.1 ne, kaurin bayan ninki x shi ne 0.1 × 2ˣ. Nisan wata daga duniya kimanin kilomita 384,400 ne. Nemo ninki na nawa ne zai fara wuce wannan nisa. Ka mai da milimita zuwa kilomita da kyau, kuma in amsarka ba 42 ba ce, koma ka duba sifirorinka.