Yadda Ake Fito da Tsoka Mai Tauri Kafin Gasar Ƙwanji

A wuraren ɗaga ƙarfe na Jos masu girman ƙirji ba sa ƙirguwa, amma alƙalan gasa ba girma kaɗai suke dubawa ba. Suna neman tsoka mai tauri wadda zarenta ke fitowa ƙarƙashin fata. Da irin wannan jikin Dorian Yates na Ingila ya lashe Mr. Olympia, babbar gasar ƙwanji ta duniya, sau shida, daga 1992 zuwa 1997.

Fara da tauri, shi kuwa aikin shekaru ne. Riƙe tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗago ƙarfe daga ƙasa, da tura shi kana kwance a benci. Maimaita sau 6 zuwa 10, kana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan.

Sai zubar da kitse, inda yawanci ke ɓata rawarsu da tsalle. Fara tun saura mako 16 zuwa 20. Kada raguwarka ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinka a mako. Mai kilo 80, gram 400 zuwa 800 ya ishe shi. Ka wuce haka, tsokar ce za ta narke. Furotin kuwa, wato sinadarin gina jiki, ci kamar gram 2 a kowane kilon jikinka kullum. Furotin ɗin ƙwai ɗaya gram 6 ne, don haka sai an haɗa da kifi, ƙirjin kaza, wake da nono. A nan mutumin Jos ya yi sa'a: dafaffen dankalin turawa yana riƙe ciki, ga acha, ga kabeji da kokwamba a kasuwar Farin Gada. Tsire dai a yi haƙuri da shi, mai da ƙuli-ƙulinsa sun yi yawa.

Kada ka sauke nauyin ƙarfe don kana rage ci. Ƙara tafiya da sauri ko hawan tudu da safe, ka riƙa shan ruwa ko da sanyin garin ya hana ka jin ƙishirwa.

Makon ƙarshe, ka guji ƙwayoyin sa fitsari da ake sha don jiki ya tsotse. Suna rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya. Su ake dangantawa da rasuwar ɗan gasar ƙwanji Mohammed Benaziza bayan gasa a 1992.

Tsayuwar nuna tsoka ma sai an koya. Tsaya gaban madubi kullum, ka ɗaure kowace tsayuwa na daƙiƙa 20 zuwa 30, har cinya da ciki su daina saki yayin da kake nuna damtse.