Yadda Ake Haɗa Ufa Biyu Ko Fiye a Mota Ba Tare da An Ƙona Amfilifaya Ba

Amfilifaya da yawa da ke ƙonewa a but ɗin motoci a Birnin Kebbi da Jega ba jabu ba ce, kaya ne aka ɗora mata fiye da ƙarfinta. Mai mota ya sa ufa ɗaya, wato babbar sifikar da ke fitar da bas, bugun bas ya yi masa daɗi, sai ya ƙaro ta biyu. Yaron shago ya murɗe jar waya da jar waya, baƙa da baƙa, ya cusa a amfi, wato amfilifayar. Sauti ya ƙaru, kowa ya yi murna. Ba a jima ba fitilar kariya ta fara kamawa, daga baya a ji ƙauri. Da an zauna da biro da takarda kafin a yanka waya, da kuɗin nan ba su tafi ba.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kowace ufa tana da adadin om ɗinta, wato gwargwadon yadda take tare wutar da amfi ke turo mata. Na mota galibi om 4 ne ko om 2. Juya ta ka dubi bayanta. In baki biyu ka gani, mai alamar + da mai alamar −, koyil ɗaya gare ta, wato naɗin wayar da ke cikinta, ana rubuta mata SVC. In baki huɗu ne, koyil biyu ne, wato DVC, kuma lambar da aka rubuta ta kowane koyil ce shi kaɗai.

Kayan Kwatano da ke yawo a kasuwanninmu sau da yawa takardar bayansu ta goge, wasu kuma an taɓa naɗa musu sabon koyil. Don haka kada ka tsaya ga maganar mai sayarwa, ɗauko mita mai auna om da bolt. Saita ta a ma'aunin om mafi ƙanƙanta, ka fara haɗa tsinkayenta biyu da juna ka ga abin da ta nuna, domin ka cire shi daga awon da za ka yi. Sai ka ɗora su a bakin koyil, ufar ba ta haɗe da komai. Koyil mai om 4 yakan nuna tsakanin 3 da 3.6, mai om 2 kuma wajen 1.5 zuwa 1.8. Wannan ba lalacewa ba ce, mita kullum ƙasa da lambar jiki take nunawa.

Sai amfi. Abu biyu kake nema a takardarta ko a jikinta: om mafi ƙanƙanta da ta yarda da shi, da wat nawa na RMS, wato ƙarfinta na gaske mai ɗorewa, take bayarwa a wannan om ɗin. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali, irin su 5000W MAX ko PMPO, na talla ne, kada su shiga lissafinka.

Me ya sa ƙaramin om ke dafa amfi

A ce amfi tana fitar da bolt 28. A kan om 4, amfiya 7 za ta tura (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), wajen wat 200 ke nan. Ka sauke zuwa om 2, wutar ta zama amfiya 14, wat kusan 400. A om 1 kuwa amfiya 28 ake neman ta bayar. Kamar injin ban-ruwa ne a gonar shinkafa a fadamar Argungu: kowace kwata ka ƙara buɗewa, ruwan da ake nema daga injin ƙaruwa yake yi, in aka wuce iyakarsa sai ya gaza. Amfin da aka ƙera don om 2 ba ta da kayan cikin da za su jure wutar om 1. Hawa sama da adadinta ba ya cutar da ita, ƙarfi kawai ke raguwa. Sauka ƙasa shi ne ajalinta.

Haɗi iri biyu ne kawai

Na farko siris, wato jeri. Waya ta fito daga + na amfi zuwa + na ufa ta farko, daga − na ta farko zuwa + na ta biyu, daga − na ta biyu ta koma − na amfi. A nan tarawa ake yi: om 4 da om 4 sun zama 8.

Na biyu faralel. Duk + a haɗe wuri guda, duk − a haɗe wuri guda. In ufofin iri ɗaya ne, raba om ɗin guda ɗaya da yawansu: biyu masu om 4 sun ba da 2, uku sun ba da 1.33, huɗu sun ba da 1. Wannan shi ne haɗin da hannu ke saurin kai wa, kuma shi ne ke sauke om ba tare da mutum ya lura ba.

Masu koyil biyu su ne suka fi ba mutum zaɓi, kuma a nan aka fi rikicewa, saboda lissafin hawa biyu ne. Ka fara da koyil biyun da ke cikin kowace ufa, sannan ka lissafa ufofin da junansu. Ufa ɗaya DVC mai om 4 tana iya zama 2 in ka yi wa koyil ɗinta faralel, ko 8 in ka yi musu siris. DVC mai om 2 tana zama 1 ko 4.

Yanzu ɗauki DVC biyu masu om 4. In komai faralel ne, koyil huɗu ke nan, amfi za ta ga om 1. In ka yi wa kowace siris a cikinta ta zama 8, sannan ka haɗa biyun faralel, amfi za ta ga om 4. Lura da kyau: babu yadda za ka juya su su ba ka om 2. Wanda amfinsa ta fi ƙarfi a om 2 kuma yana son ufa biyu, to ko dai SVC biyu masu om 4 a faralel, ko DVC biyu masu om 2, kowace siris a cikinta ta zama 4, biyun faralel su zama 2. Waɗannan DVC masu om 2 ɗin, in ka yi musu faralel gaba ɗaya, rabin om za su sauka, kuma amfin da ke ɗaukar haka ba kasafai ake samunta ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a sayi ufa yau, a sayi amfi wata mai zuwa, sannan a zo ana neman yadda za su dace. A yi lissafin tun kuɗi na aljihu.

Kada ka bar koyil ɗaya na DVC a sake don lissafi ya fita. Ƙarfin da ufar ke iya ɗauka zai ragu, halin sautinta ma zai canja. Kuma kada ka gwama ufofi mabambanta. Mai om 2 da mai om 4 a faralel suna ba da 1.33, kuma mai om 2 za ta sha ninkin wutar 'yar'uwarta, ita ce za ta riga mutuwa.

Tarko biyu a jikin amfi

Amfi mai layi ɗaya, wadda ake kira mono, sau da yawa tana da + biyu da − biyu. Ba layi biyu ba ne, a ciki haɗe suke. Ka ɗaura ufa mai om 2 a kowane gefe, om 1 ka ba ta.

Mai layi biyu kuma, in aka yi mata birij, wato aka haɗe layukan biyu su zama ɗaya, don ta tura ufa, kowane layi rabin nauyin yake ji. Amfin da aka rubuta tana ɗaukar om 2 a kowane layi, om 4 take bukata a birij. Mutane da yawa suna ɗora mata om 2 a birij suna cewa ai takarda ta ce 2, alhali kowane layi om 1 yake fama da shi.

Game da wat, ufofi iri ɗaya raba ƙarfin suke yi daidai. Biyu masu RMS 300 suna son amfi mai bayar da wajen 500 zuwa 600 a om ɗin da ka haɗa su.

Ni a ganina, a ƙasarmu om 2 ya fi kwanciyar hankali ko da amfin ta yarda da 1. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi yana haura digiri 40, but ɗin motar da ta yini a rana kuwa ya fi haka nesa. Amfin da ke aiki a bakin iyakarta cikin wannan zafi ba ta daɗewa.

Ɗaurin waya

Cire kan batir na − kafin ka taɓa komai. Yi haɗin ufofin a cikin akwati da waya mai kauri, ka ɗaure tam, kada silin waya ko ɗaya ya fito ya taɓa na kusa da shi. Kafin ka kai wa amfi, ɗauki ƙaramin batir na bolt 1.5 irin na tocila, ka taɓa + ɗinsa da wayar +, − da wayar −. Duk ufofin su turo waje tare. In ɗaya ta turo ɗaya ta shige, an juya waya, kuma bas ɗinsu cinye juna zai yi. Sannan ka sake aunawa da mita a ƙarshen wayar. In om 2 ka lissafa ka ga wajen 1.6, ka yi daidai. In ka ga 0.8, koma ka duba.

Wayar wuta daga batir ita ma tana da hakkinta. Amfi mai wat 1000 na gaske tana iya jan amfiya 90 a lokacin bugu, alhali altanetar ƙananan motoci da yawa ba ta wuce 70 zuwa 100 ba, ga fitilu da na'urar sanyi suna jira. Irin wannan amfi waya mai kaurin lamba 4 take so, ta tagulla zalla. Akwai mai araha wadda alminiyam ce aka shafa wa tagulla, in ita ka samu ƙara kauri. Sa fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa, domin shi ke hana mota kamawa da wuta in waya ta goge a jikin ƙarfe. Wayar at, wato wadda ke haɗa amfi da ƙarfen mota, ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti a ɗaure ta a ƙarfen bodi. Amfin kuma a kafe ta inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin kafet ko buhunan kaya ba.

Saita gen

Makunnin gen ba na ƙara murya ba ne, aikinsa daidaita amfi da rediyon mota. Wanda ya murɗa shi har ƙarshe yana tura wa koyil gurɓataccen sauti mai ƙona shi, ko da om ya yi daidai. Ninka wat ɗin da kake so da om, ka nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. Wat 500 a om 2 ya ba da 1000, amsar ita ce bolt 31.6. Cire wayar ufa daga amfi, kashe ƙarin bas, kunna sautin gwaji na 50Hz, ka kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu. Mayar da mita ma'aunin bolt na AC, ka ɗora a bakin fitar sauti na amfi, ka murɗa gen a hankali har ta nuna 31.6. Kashe, mayar da wayar ufa, saita makunnin LPF, wato mai barin bas kaɗai ya isa ufa, wajen 80Hz don muryar mawaƙi ta tsaya a sifikun ƙofa. Bayan rabin awa ana kiɗa, taɓa jikin amfin. Ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai, rage gen ka sake auna om ɗin.